Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Abin da Injin Mota ke Koya wa Mai Neman Ƙarin Ƙarfi

Duk wanda ya taɓa zama da matasa masu sha'awar mota ya san tambayar da ba ta ƙarewa a bakinsu: idan ina son injina ya ƙara ƙarfi, wane ƙarfe zan fara saya? Wani ya ce babban kamshaf, wani ya ce fistin mai ƙara matsi, wani kuma ya ce a sauya karanshaf baki ɗaya. Kowa yana yabon nasa ƙarfen kamar mai tallar magani a tasha. Ra'ayin da zan kare a wannan mako shi ne, tambayar ta tashi daga inda bai kamata ba. Matsi da kamshaf da tsawon tafiyar fistin duwatsun murhu ne guda uku. Wanda ya ɗaga ɗaya ya bar biyu, tukunyarsa ce za ta kife. Kuma tun kafin a zo kansu akwai abubuwa biyu da ke yanke hukunci: man da za a riƙa zubawa, da hanyar da motar za ta riƙa bi kullum.

Wannan sana'a ta sake ginin inji don ya fi yadda kamfani ya ƙera shi ƙarfi, a Amurka ta yi kaka-gida, don haka daga can zan ɗauko misali. A 1955 kamfanin Chevrolet ya fitar da wani inji mai silinda takwas wanda ya zama uban gidan masu wannan sha'awa. A 1967 aka fitar da samfurinsa mai girman inci kubik 350, wato lita 5.7. Faɗin kowace silinda inci 4 ne, tafiyar fistin daga ƙasa zuwa sama kuma inci 3.48. A 1970 aka fitar da yayansa mai inci kubik 400, wanda tafiyar fistinsa ta kai inci 3.75. Daga baya makanikai suka gano cewa idan aka ɗauko karanshaf ɗin babban, aka rage kaurin wuyansa daga inci 2.65 zuwa 2.45, zai zauna a cikin ƙaramin. Idan kuma aka ƙara wa silinda faɗi kaɗan ta zama inci 4.030, sai a sami inji mai inci kubik 383, kusan lita 6.3, girman da kamfanin bai sanya a motocinsa na wancan zamani ba. Irin wannan inji da aka tsawaita wa tafiyar fistin shi suke kira sitiroka, kuma a yau akwai kamfanoni da ke ƙera karanshaf da sandunan fistin da fistin ɗinsa a haɗe.

Ribar wannan aiki a fili take. Inji dai famfon iska ne: gwargwadon iskar da ya shaƙa a kowane juyi, gwargwadon man da zai iya ƙonawa. Daga 350 zuwa 383 an ƙara kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma wannan ƙari yana fitowa ne a ƙarfin murɗa, wanda direba ke ji a bayansa da zarar ya taka totur daga tsaye, ko yana hawan tudu da kaya. Shi ne irin ƙarfin da motar titi take amfani da shi kowace rana.

Sai dai karanshaf ba ya shigowa shi kaɗai. An ƙara wa tafiya inci 0.27, ma'ana fistin zai ƙara hawa sama da rabin haka, inci 0.135, fiye da milimita 3. Idan aka bar tsohon fistin a kan tsohuwar sanda mai inci 5.7, kansa zai leƙo waje ya daki tof tun a juyin farko. Dole a sayi fistin da aka matsar da ramin finsa sama. Dole a duba ko kawunan sanduna suna gogar ƙasan silinda ko suna taɓa kamshaf, a kankare inda ya kamata. Dole a kai karanshaf da sanduna da fistin a daidaita nauyinsu tare, domin asalin karanshaf na 400 wani ɓangare na daidaiton nauyinsa a waje yake, a jikin fulawil da faifan gaba. Wanda ya haɗa shi da fulawil na 350 zai sami inji mai jijjiga har ya cinye beyarin ɗinsa. Haka nan fistin zai ƙara gudu: a juyi 6,000 a minti, matsakaicin gudunsa ya tashi daga mita 17.7 a daƙiƙa zuwa mita 19. Saboda haka sitiroka inji ne da ke son aiki a matsakaicin juyi, ba ya son a yi ta kai shi ƙololuwa.

Yanzu ga abin da mai gaggawa ke mantawa. Matsi lissafi ne mai sauƙi: a haɗa girman wurin da fistin ke sharewa da ɗan sararin da ke saura idan ya kai ƙarshen sama, a raba da wannan ɗan sararin. A inji 350 kowace silinda tana share mililita 717. Mu ɗauka ɗakin ƙuna na tof mililita 64 ne, idan aka haɗa da kaurin gasket da ramukan kan fistin da ɗan gibin da ke samansa, sararin ya kai mililita 83. Matsi ya zama 9.6 bisa 1. A mayar da injin 383, kowace silinda ta koma share mililita 784, sarari kuwa yana nan 83. Matsi ya haura zuwa 10.4 bisa 1. Ba wanda ya nemi wannan ƙari, karanshaf ne ya shigo da shi a aljihu. Dutse ɗaya aka taɓa, na biyu ya motsa.

To me ya sa ake kwaɗayin matsi? Tun injin da Nikolaus Otto ya ƙera a Jamus a 1876, wanda kusan duk motocin fetur ke bin tsarinsa na bugu huɗu, lissafi ya nuna cewa yawan matsi yana ƙara yawan aikin da ake tatsa daga kowane ɗigon mai. A takarda, matsi 8 yana ba da kusan kashi 56 cikin ɗari, matsi 10 kashi 60, matsi 12 kashi 63. Injin gaske ba ya kusantar waɗannan alƙaluma saboda zafi da gogayya suna cin rabonsu, amma salon hawan ɗaya ne. Mai karatu ya lura: kowane mataki ribarsa ba ta kai ta na baya ba. Hatsarin kuwa ƙaruwa yake yi da kowane mataki.

Hatsarin shi ne ƙwanƙwasa. A ƙa'ida fulogi ne ke kunna wuta, ita kuma ta bazu a hankali kamar gobarar daji da iska ke korawa ta gefe ɗaya. Idan matsi da zafi suka wuce abin da man zai jure, ragowar cakuɗen da wuta ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa. Direba yakan ji wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawan tudu da babbar giya. A cikin silinda kuwa guduma ce ke sauka a kan fistin sau dubbai a minti. Tana karya gefen da ke riƙe zobban fistin, tana ƙona gasket, tana dakan beyarin. Injin da aka kashe wa kuɗin fili yana iya mutuwa a tafiya ɗaya.

Tarihin Amurka ya nuna yadda mai ke jan matsi da igiya. A 1921 Thomas Midgley, wanda ke aiki da General Motors, ya gano cewa wani sinadarin dalma yana hana ƙwanƙwasa idan aka zuba shi a fetur. Da wannan fetur ne aka kai ga injin LT-1 na 1970, shi ma 350, mai matsi 11 bisa 1 da ƙarfin doki 370 a motar Corvette. Shekara guda bayan haka, da aka fara shirin raba fetur da dalma saboda gubarta, kamfanin ya sauke matsin wannan inji zuwa 9 bisa 1, ƙarfinsa ya koma doki 330. Injiniyoyin da suka ƙera shi ba su yi jayayya da man ba, sun bi shi. A yau babu fetur mai dalma a gidajen mai na duniya. Aljeriya ce ta ƙarshe da ta daina sayar da shi, a 2021.

A nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Ma'aunin juriyar fetur ga ƙwanƙwasa shi ne oktan, amma lambar da ake rubutawa a famfon Amurka ba irin tamu ba ce. Su suna ɗaukar matsakaicin gwaje-gwaje biyu, mu da Turai muna amfani da gwaji ɗaya da ake kira RON, wanda lambarsa ta fi girma. Fetur ɗin Amurka mai lamba 93 ya yi daidai da kusan 98 a namu ma'aunin, mai lamba 87 kuma kusan 91. Mafi ƙarancin abin da aka ƙayyade wa fetur a Nijeriya shi ne 91, kuma a mafi yawan gidajen mai iri ɗaya tak ake sayarwa. Ke nan idan Ba'amurke ya ce injinsa mai matsi 10.5 yana tafiya lafiya da man famfo, mafi tsadar mansu yake nufi. Namu ya yi daidai ne da mafi araharsu. A ƙara da zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda iskar da inji ke shaƙa ta riga ta haura digiri 40, a ƙara da galan ɗin 'yan bumburutu da ba wanda ya san abin da ke ciki. Mai kwafo lissafin wata ƙasa ba tare da kwafo manta da yanayinta ba, ya ɗinka riga da awon wani.

Ko wanda bai taɓa mafarkin ƙara wa inji ƙarfi ba, wannan lissafi na iya cin aljihunsa. Idan mota ta yi zafi tof ya lanƙwashe, akan kai shi a kankare fuskarsa don ta daidaita. A ƙaramin inji mai lita 1.8, kowace silinda tana share mililita 450, sarari kuma 50 idan matsi 10 ne. Idan kankarewa ta cinye mililita 4 kacal, matsi ya zama 10.8. Mai mota ya karɓi motarsa yana murna ta ƙara kuzari, bai san an matsar da ita bakin rami ba.

Dutse na uku shi ne kamshaf, sandar nan mai ƙusoshi da ke buɗe bawul da rufe shi, tana juyi ɗaya duk lokacin da karanshaf ya yi biyu. Abubuwa uku ake dubawa a jikinsa: nisan da yake ɗaga bawul, tsawon lokacin da yake barinsa a buɗe, da tazarar da ke tsakanin ƙusar shigar iska da ta fitar hayaƙi. Tsawon lokacin da digirin juyin karanshaf ake auna shi, kuma masu sana'ar sun saba aunawa daga inda bawul ya fara ɗagawa sosai, wato inda mabiyin ƙusa ya tashi inci 0.050, don a iya kwatanta kayan kamfanoni daban-daban. Kamshaf na titi yakan faɗa tsakanin digiri 210 zuwa 225, na filin tsere kuwa yakan haura 250.

Babu ƙarfen da ke yaudarar matashi kamar wannan, saboda shi ne ke ba inji wannan gurnani mai tsalle-tsalle a silo, wanda ke sa mutane waiwaye. Amma gurnanin alamar inji ne da ke shan wahala. Dogon kamshaf yana barin bawul biyu a buɗe tare na tsawon lokaci. A babban juyi wannan alheri ne, domin hayaƙin da ke fita da gudu yana janyo sabuwar iska. A ƙaramin juyi kuwa hayaƙi ne ke komawa ciki ya gurɓata cakuɗen. Kamshaf ba ya ƙirƙiro ƙarfi daga babu. Ɗauke shi yake daga ƙasa ya kai sama. Motar da ke yini tsakanin juyi 1,500 da 3,000 a cunkoson gari, an kwashe mata ƙarfi daga inda take zaune an kai inda ba ta zuwa sai sau ɗaya a wata. Idan giyarta mai sauya kanta ce, sai ta riƙa mutuwa a danja, ko a sake sayen wani ƙarfen don gyara ɓarnar na farko.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Birkin yawancin motocin fetur yana samun taimako daga zuƙar da inji ke yi a bututun shigar iska. Dogon kamshaf yana iya rage wannan zuƙa da kusan rabi a silo. Direba ya taka birki sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya ji feda ta yi tauri kamar dutse. An ƙara wa mota gudu, an rage mata tsayawa, kuma a kan titin da yara ke tsallakawa zuwa makaranta. Wannan ya wuce batun sha'awa, ya zama batun rai.

Inda duwatsun uku ke haɗuwa shi ne lokacin da bawul ɗin shigar iska ke rufewa. Ba ya rufewa daidai lokacin da fistin ya kai ƙasa. Sai fistin ya juyo ya fara hawa. Matsi na gaskiya kuwa ba ya farawa sai ƙofa ta rufu. Mu koma ga injinmu 383 mai matsi 10.4 a takarda. Idan bawul ya rufe digiri 60 bayan fistin ya bar ƙasa, kusan kashi 81 na tafiyar ne ya rage, matsin aiki ya zama 8.7. Idan dogon kamshaf ya jinkirta rufewar zuwa digiri 80, kashi 67 ne ya rage, matsin aiki ya faɗi zuwa 7.3. Inji ɗaya, fistin ɗaya, tof ɗaya, amma hali biyu. Daga nan ake gane kurakurai biyu da suka fi kashe kuɗin mutane. Babban matsi da gajeren kamshaf yana haifar da ƙwanƙwasa. Ƙaramin matsi da dogon kamshaf yana haifar da malalacin inji mai shan mai, mai ƙara kamar zaki da tafiyar kunkuru. Kamfanin Toyota ya yi amfani da wannan ilimi da gangan: injin Prius mai lita 1.5 matsinsa a takarda 13 bisa 1 ne, amma yana shan fetur na talaka lafiya, domin an jinkirta rufewar bawul ɗinsa sosai.

Saboda haka, da za a nemi shawarata kan injin da zai yi aiki a titunanmu, ga jerin da zan bi. A fara da man da ake samu a ko'ina, har a ƙauyen da tanki zai ƙare, ba wanda ake fatan samu ba. Sannan a faɗi gaskiya game da juyin da motar ke yini a kai, da nauyinta, da irin giyarta. Sannan a zaɓi girman inji, a tabbata tof yana iya shigar da iskar da wannan girma ke nema. Sannan kamshaf, kuma idan ana shakka tsakanin biyu a ɗauki ƙaramin. Sitiroka yana jure kamshaf da ya ɗan fi na 350 tsawo, amma ɗan kaɗan. A ƙarshe a zaɓi fistin da zai kawo matsi inda kamshaf da mai suka yarda. A misalinmu, fistin mai ɗan kwarmi a ka wanda ya kai sarari mililita 95 zai sauke matsi zuwa kusan 9.2 a takarda, 7.7 a aiki idan bawul na rufewa a digiri 60. Wannan inji ne da zai ja da ƙarfi, ya tsaya a silo, ya riƙe birki, ya kuma kai shekaru.

Kada a rage matsi ta hanyar sanya gasket mai kauri ko ninka biyu. Ana son shimfiɗaɗɗen gefen fistin ya kusanci tof da kamar milimita 1, domin wannan matsatsi yana feso cakuɗen zuwa tsakiya, ya gauraya shi, wuta ta ci da sauri kafin ragowar ya sami damar fashewa. Idan gibin ya buɗe, matsi ya ragu a takarda amma ƙwanƙwasa na iya ƙaruwa. Kuma kada a yarda da abin da aka rubuta a kwali: a auna ɗakin ƙuna da ruwa da sirinji, a ɗora ɗan yumɓu a kan fistin a juya inji da hannu don ganin tazararsa da bawul. Awon yini ɗaya ya fi sayen inji na biyu araha.

Na san za a ce duk wannan tsohon yayi ne. Motocin yau suna da na'urar da ke jin ƙwanƙwasa ta jinkirta wutar fulogi, suna da kamshaf mai sauya lokacinsa. Tun 1989 Honda ta fito da VTEC, wanda ke ɗauke da gajeriyar ƙusa da doguwa a sanda ɗaya, ya kuma tatso doki 160 daga lita 1.6. Gaskiya ne. Amma wannan hujja tawa take ƙarfafawa. Manyan kamfanoni sun zuba dukiya mai yawa don kawai su sassauta wannan ciniki tsakanin ƙarfin ƙasa da na sama, abin da ke nuna cinikin na gaske ne. Kuma kwamfutar mota tana da iyaka: idan ta ji ƙwanƙwasa ta ja wuta baya, ƙarfin da aka saya da tsada ne take zubarwa don ceton injin. Mai motar ya biya kuɗin doki, kwamfuta ta miƙa masa jaki.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malami shi ne rabuwar da ke tsakanin masu lissafin da masu sifana. Nakan ba ɗalibai alƙaluman silinda su fitar da matsi, su yi cikin minti biyar. In tambaye su abin da zai faru idan aka kankare tof, sai aji ya yi tsit. A Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano kuwa akwai makanikan da ke gane ƙwanƙwasa da kunne daga nesa, amma ba a taɓa nuna musu lissafin da zai hana ta tun kafin a ɗaura tof ba. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin ilimin. Sassan koyar da injiniyanci na jami'o'i da kwalejojin fasaha za su iya fara gyara wannan da abu mai araha: tsohon inji ɗaya, sirinji, faifan auna digiri, da gayyatar ƙwararren bakanike ya shigo aji a matsayin malami na yini guda.

Ga matashin da ya tara kuɗinsa yana shirin yin odar kaya kuwa, shawarata ita ce ya ajiye kundin farashi tukuna, ya ɗauki takarda ya rubuta amsar tambaya uku: wane mai zan zuba, a wane juyi nake yini, kuma birkina da tayoyina za su iya tsayar da abin da nake shirin ginawa? Idan amsar ta ukun babu ce, to nan kuɗin ya kamata su fara zuwa. Gwajin gudu kuma wurinsa fili ne da aka killace, ba titin unguwa ranar ɗaurin aure ba. Injin da ya fi kowane kyau shi ne wanda sassansa suka yarda da juna, suka kuma yarda da man da ke tankinsa.